Yogot mai hawa-hawa ya ba ni kunya a gaban dangin miji, ina na kuskure?

Amaryar Malali: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku taimaka min, jiya na sha kunyar da ban taɓa sha ba tun da aka kawo ni gidan nan. Ƙannen maigida su uku da babbar yayarsu suka zo min wuni daga Zariya. Na yi shinkafa da miya da haɗin kabeji, sai na ce bari in ƙara da abin nan na yogot da kayan marmari da ake jerawa hawa-hawa a kofin gilas, wanda masu sayarwa ke ce wa fafe. Na ga ba ɗora tukunya, ba gashi, jeri ne kawai. Tun ƙarfe goma na safe na haɗa kofi shida: dakakken biskit a ƙasa, yogot mai zaƙi na roba, abarba, kankana, gwanda, ayaba, na sake maimaitawa har baki. Na sa a firij. Bayan la'asar da na fito da su sai na ga wani jan ruwa ya kwanta a gindin kofi, biskit ya koma kunu, ayaba ta yi duhu. Na ce ba komai, tunda dai baki za shi. Ashe ɗaci ne a ciki kamar an jiƙa shuwaka. Yaya ta kai cokali ɗaya baki, ta ajiye, ta ce "sannu da ƙoƙari, amarya." Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ayya amarya, sannu. Wannan "sannu da ƙoƙari" duk wadda ta yi aure ta san fassararsa. Ni dai ina ganin yogot ɗin ne ya lalace tun a shago. Da wannan zafin da rashin wuta, ya narke ya daskare ya sake narkewa, kuma haka za a sayar miki. Kin duba kwanan watan da ke jiki?

Amaryar Malali: Na duba Anti, da saura. Kuma ragowar da ke cikin robar yau da safe na sha, lafiya lau, ba tsami ba ɗaci. Na cikin kofunan ne kawai ya juya.

Malama Asabe: To ai kin ba da amsar da kanki, ƙanwata. Yogot ba shi da laifi. Abarba da gwanda ne suka yi miki wannan aikin. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke farfasa furotin, sunansa buromilen. Gwanda ma tana da irin nata sinadarin, sunansa fafayin. Kin san yadda idan kika ci abarba da yawa harshenki ke yin kaushi yana zogi? Shi ne yake aiki a kan harshen. Shi ya sa kuma iyayenmu ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda kafin a dafa. To madara da yogot jikinsu furotin ne. Idan kika haɗa su kika ajiye, sinadarin zai yi ta yanka furotin ɗin gutsi-gutsi, kuma waɗannan gutsattsarin ɗaci gare su. Shi ne kuma ke tsinka yogot ɗin ya saki jiki. Daga goma na safe zuwa bayan la'asar, awa shida ke nan kin ba shi ya yi yadda ya ga dama. Sanyin firij yana rage masa gudu ne kawai, ba ya tsayar da shi. Ko a firiza kika daskarar da abarbar, tana narkewa zai ci gaba. Zafi ne kaɗai ke kashe shi. Kiwi ma haka take, idan kin samu a manyan shaguna kada ta ruɗe ki da kyan launi.

Amaryar Malali: Ikon Allah. Ni da na ɗauka abarbar ce za ta fi ƙawata shi, har Kasuwar Tasha na aika aka zaɓo min mai zaƙi.

Ummu Sultan: Malama ki yi haƙuri, ni fa ban gamsu ba. Shekara biyu ina sana'ar nan a Barnawa, kullum da ɗanyar abarba nake yi, ba wanda ya taɓa dawo min da kofi ya ce ya ji ɗaci. Hasali ma idan ban sa ba sai an yi ƙorafi.

Malama Asabe: Ummu Sultan, tsakanin ki haɗa da mai saye ya sha, minti nawa ne?

Ummu Sultan: Sai an kira nake haɗawa. Ɗan aike yana tsaye nake rufewa. In ya yi nisa rabin awa, ko kusa da awa in Kawo ko Mando za a kai.

Malama Asabe: Shi ya cece ki. Sannan na tabbata a can sama kike ɗora abarbar, ba a tsakiya kike binne ta ba.

Ummu Sultan: Gaskiya a sama take, saboda ado. To amma na tuna, akwai ranar da wata ta yi odar kofi goma na walima ta fasa, na bar su suka kwana. Da safe yara suka ƙi sha, na ɗauka iyayi ne, har na yi musu faɗa. Allah sarki 'ya'yana.

Hajiya Tudun Wada: Ni tun ɗazu nake karantawa ina dariya. Wai fafe. Mu dai fafen da muka sani shi ne na ƙwarya da gora, kuma an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amarya, abin da ba ki taɓa yi ba, ba ranar zuwan dangin miji ake gwada shi ba. Ki fara yi wa mijinki, in ya yi daɗi ya yaba, in bai yi ba ya rufa miki asiri. Sannan ku yaran yanzu ku gaya min, mene ne bambancin wannan da furar da muke damawa? Nono ne, hatsi ne, zaƙi ne. Kun dai cire gero kun sa biskit, kun bar ƙwarya kun koma gilas, kuɗin kofi ɗaya kuma ya yi cefanen miya.

Maman Hanif: Hhhh Hajiya kin faɗi gaskiya. Fura ce ta je Turai ta dawo da bene hawa uku.

Malama Asabe: Sunan dai na Faransanci ne Hajiya, ma'anarsa abin da ya cika ba shi da aibu. A Faransa ma asalinsa wani abu ne daskararre na kirim da ƙwai da suga. Wannan na jerawa a dogon kofi salon Amurka ne.

Hajiya Tudun Wada: To na amarya dai bai ci sunansa ba.

Amaryar Malali: Kai Hajiya, har da ke! Na karɓi faɗan, na gode. To ruwan da ya kwanta fa? Shi ma abarbar ce?

Ummu Sultan: Wannan bari ni in amsa, don nan ne fagena. Abu biyu ne. Na farko kankana. Kankana ruwa ce zalla, sama da kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, kuma da ta haɗu da suga sai ta fara tsatsafo da shi. Ki gwada ki yanka ki barbaɗa mata suga a faranti ki dawo bayan minti ashirin, za ki ga tafki. Ni ba na sa ta ko kaɗan, in mai saye ya dage sai in ƙulla masa daban. Na biyu, yogot ɗin roba da kika saya na sha ne, ba na jeri ba. Ba shi da ƙarfin da zai ɗauki kaya a kansa. Dole ki tace shi.

Ga yadda nake yi. Da daddare in samu rariya in ɗora a kan kwano mai zurfi, in shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko, wanda ban taɓa amfani da shi a wani abu ba. In juye yogot marar suga lita ɗaya, in naɗe bakin ƙyallen, in sa a firij. Da asuba za ki ga ruwa ɗorawa-ɗorawa ya ɗiga a kwanon, na saman kuma ya ragu ya koma wajen rabi, ya yi kaurin da in kika tsaya cokali a ciki ba zai faɗi ba. In kina sauri awa uku ma ya yi wani abu. Sai a lokacin nake sa zaƙi: zuma cokali biyu ko uku, ko madarar gwangwani mai kaurin nan mai suga. In kika sa wannan madarar kada ki ƙara suga, zai gundure mutum tun kafin ya kai rabin kofi. Ruwan da ya ɗiga kuma kada ki zubar, ina kwaɓa fanke da shi.

Jerin kansa bai kai minti biyar ba. Yogot cokali biyu a ƙasa, ba biskit ba. Sai mangwaro yankan ƙanana. Sai yogot. Sai tuffa ko inibi da aka raba biyu. Sai yogot. Abin ƙaras-ƙaras a can sama, kuma sai za a kai wa mutum ake zubawa. Ki riƙa zuba yogot ɗin a tsakiya kina turawa gefe da bayan cokali, in ba haka ba jikin kofin zai yi dama-dama, hawan ba zai fito ba. Kayan marmarin kuma bayan kin wanke ki bari su tsane sosai kafin ki yanka.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Ummu Sultan, kin ba da sirrin sana'a kyauta. Ayaba fa?

Ummu Sultan: Ayaba da tuffa ki ɗiga musu lemon tsami kaɗan ki juya, ba za su yi saurin baƙi ba. Amma ayaba ita ma ta minti na ƙarshe ce.

Anti Bilki: Tambaya, ba gardama ba. Mu tun muna yara ake hana mu haɗa mangwaro da nono, wai yana ɓata ciki. Yanzu kuma na ji ana cewa a jera su a kofi ɗaya.

Malama Asabe: Anti, mutanen Indiya markaɗa mangwaro suke da yogot su sha, lassi suke ce masa, kuma abin shan yau da kullum ne a wurinsu. Nunannen mangwaro ba ya faɗa da nono. Abin da ke ɓata wa yara ciki shi ne ɗanye, ko wanda aka tsinto a ƙasa ba a wanke ba. Ki dai guji mai zare, don zai cika wa baƙi haƙora. Ki nemi mai tsoka irin paparanda, yanzu da muke cikin bazara ga shi nan a kowace kwana.

Inna Wuro: Duk na ji bayananku, amma har yanzu ba wadda ta ambaci kindirmo. Me zai kai ku sayen yogot na roba ku zo kuna ta tata cikin dare, alhali kindirmo mai kyau da kaurinsa yake zuwa? In ya yi barci sosai yanka shi ake da ludayi kamar tuwo. Ga maiƙo, ga ƙamshin da na kamfani ba zai taɓa yi ba, don yawancinsu da madarar gari ake yi.

Sista Hauwa: Inna Wuro, daɗi kam ba a magana. Amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya sai na ce a yi hattara da nonon da ake tallansa a rana. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wadda ake ɗauka daga dabbobi, da tarin fuka na shanu. Ga kuma ruwan da wasu ke ƙarawa wanda ba a san daga ina aka ɗebo ba. Wannan haɗin ba wuta zai gani ba, yadda kika zuba haka za a sha.

Inna Wuro: Sista, a nan kin taɓo ni. Kindirmo ba da ɗanyar madara ake yi ba. Ni a ruga na tashi, wajen Ladduga. Ana tatsa, a tace, a dafa ta sai ta tafasa, a sauke ta huce, a zuba ɗan tsohon kindirmo a ciki, a rufe ƙwarya da faifai a ajiye ya kwana. In ba a dafa ba ma ba zai yi wannan kaurin ba. Kada a haɗa shi da tsala, wanda aka kaɗe aka cire man, shi ne tsinkakke, shi ne marasa tsoron Allah ke ƙara wa ruwa da garin kuka don ya yi jiki. Kullum sai a yi mana kuɗin goro.

Sista Hauwa: Allah ya huci zuciyarki Inna, ban ce duka ba. Wanda aka dafa kamar yadda kika faɗa ba ni da ja a kansa. Abin da nake tsoro shi ne bayan dahuwar: ƙwaryar, ludayin da ake tsomawa ana fitarwa, da wunin da yake yi a rana daga safe zuwa yamma.

Inna Wuro: Wannan kuma gaskiya ne. Maganinsa ki yi mai nono guda ɗaya wadda kika sani, ki ce ta fara biyowa ta gidanki da sassafe kafin ta shiga gari. In kin riƙe ta da amana ba za ta kawo miki na jiya ba. Ko ki sayi madarar ki yi da kanki, ba wuya. Bayan ta tafasa ki bari ta huce har ki iya tsoma ɗan yatsa ki ƙirga goma ba ki cire ba. In ta fi haka zafi za ta kashe irin, in ta yi sanyi ba zai kama ba.

Malama Asabe: Ɗan yatsan Inna daidai yake da abin da muka koya a aji, wajen digiri 43 zuwa 45. Mu da na'ura, su da yatsa, kuma nasu ba ya kuskure. A wannan zafin awa shida zuwa takwas ya isa, in ya wuce sai tsami.

Hajiya Tudun Wada: Kun ga dai an dawo kan maganata. Ƙarshenta ƙwarya da faifai.

Maman Hanif: Ni matsalata wuta. A Rigasa muna iya kwana biyu firij bai yi sanyi ba. Ta yaya zan tace na dare guda? Kafin asuba ya zama abin kwaɓa waina.

Ummu Sultan: Ki nemi kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara. Ki sayi ƙanƙarar leda biyu ki jera a ƙasan kula, ki ɗora kwanon da rariyar a kai ki rufe, kada a yi ta buɗewa. Ni ma haka nake yi in an ɗauke. Ko ki yi da kindirmon Inna, shi awa ɗaya ma ya isa ya tsane.

Sista Hauwa: Kuma in an fito da shi kada ya wuce awa biyu a waje, a irin zafin nan na bazara ma awa ɗaya. Ina ganin yadda ake jera kofuna a teburin biki tun azahar, amarya ba ta iso ba sai magariba. Sai abu na biyu tunda an ambaci zuma: yaron da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko lasa. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Inibi kuma a tsaga shi a tsaye kafin a ba ƙananan yara, yana maƙalewa a maƙogwaro.

Anti Bilki: To fa, zuma kuma? Mu da ake lasa wa jariri tun ranar haihuwa.

Sista Hauwa: Na sani Anti, ni ma an lasa min. Amma a bari ya shekara, ba abin da zai rasa.

Anti Bilki: Allah ya kyauta. To maigidana yana da ciwon suga, kuma yana son irin waɗannan abubuwan. In sa masa dabino maimakon suga?

Sista Hauwa: Dabino ma suga ne a cike, haka zuma. Ki yi masa da yogot marar zaƙi, tuffa ko gwaiba da aka cire 'ya'yan, gyaɗa a sama, a ƙaramin kofi. Ban da biskit da madarar gwangwani. Sauran kuma ya tambayi likitansa gwargwadon yadda awonsa yake.

Amaryar Malali: Ina ta rubutawa a littafi wallahi. Saura abin sama. Giranolar nan, gasasshen hatsi mai ƙaras-ƙaras da nake gani a shago, tsadarta ta yi yawa, shi ya sa na sa biskit.

Inna Wuro: Ki marmasa fura busasshiya-busasshiya a kai, ki ji yadda citta da kanumfari za su tashi.

Ummu Sultan: Ni gyaɗa marau-marau nake dakawa sama-sama, in goga kwakwa in ɗan soya ta a kasko ba mai har ta yi ja, in haɗa da kantun riɗi da na farfasa. Masu saye sun fi son shi a kan na kwali. Ragowar cincin ɗin sallah ma yana yi. Ki dai tambayi baƙi ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Malama Asabe: Tunda Inna ta ambaci citta, busasshiya ta cikin fura ba matsala. Amma ɗanya, irin wadda ake kawowa daga Kachia da Kwoi, kada ki goga ta a ciki ki ajiye, ita ma tana da sinadarin da ke taɓa madara. Ita kuma abarba in ranki na so, ki yanka ƙanana ki ɗora a wuta da suga cokali ɗaya ta yi kamar minti biyar tana tafasa, ki bari ta huce sarai. Ta gwangwani ma an riga an dafa ta, ba ta ɗaci.

Hajiya Tudun Wada: Ashe dai sai an ɗora tukunyar.

Amaryar Malali: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Shekaranjiya na sa mai nononmu ta kawo min kindirmo da safe, na tace shi awa biyu a ƙyalle. Na yi kofi biyu kacal kamar yadda Hajiya ta ce, ni da maigida. Mangwaro, tuffa da lemon tsami, dafaffiyar abarba a tsakiya, gyaɗa da kwakwa a sama. Ba ɗaci, ba ruwa, hawa biyar ras ana gani ta jikin gilas. Kuskure ɗaya, garin soya kwakwar na tsaya amsa waya ta ɗan ƙone, sai na tsince baƙaƙen. Ya shanye nasa ya ja nawa, wai ɗanɗanawa zai yi. Yanzu ya ce ranar Asabar za mu Zariya, in haɗa in kai wa Yaya.

Ummu Sultan: Kada ki haɗa a gida! Kindirmo a roba cikin kula, kayan marmari daban ba a yanka ba, gyaɗa a ƙulle a leda. Ki tafi da kofunanki da wuƙarki, ki jera a can a gabanta.

Maman Hanif: Ki kuma dawo ki gaya mana me ta ce, kalma da kalma.

Inna Wuro: Ki ƙara da fura ƙwallo biyu a jaka, ko da Yayar irin Hajiya ce.